Mai Tsintsiya a Bayan Ayari

Shekarar da babban ɗana ya tafi arewa haƙar zinariya, tun kafin ruwan shuka na fara sa ma matarshi ido. Yarinyar ba ta da rashin kunya, wannan ko a gabanta zan faɗa, ga ta nan zaune ita ce ke rubuta abin da nake faɗi, tunda ni ban taɓa taka ƙofar lakol, makarantar boko, ba. Amma mace ce da mijinta ba ya gari, ni kuma mijina ya daɗe da rasuwa, gidan a hannuna yake. Sai in gan ta da la'asar ta aje taɓarya, ta jingina da rumbu, ta kai salula, wayarta ta hannu, har bakin hanci tana murmushi ita kaɗai. Wani lokacin ta dafe ƙirji. Wani lokacin ta yi tsaki ta ce, "Kai, wannan mutum."

Na ba ta sati guda ina kallo. Sannan na kira ta.

"Ke, zo nan da abin nan."

"Inna, ruwan tuwo na bisa wuta."

"Ya tafasa. Zauna ki karanta mini abin da ke ba ki dariya. Daga sama, kada ki tsallake ko ɗaya."

Na zaci za ta yi rawar jiki. Sai ta zauna bakin tabarma ta fara karatu kamar mai karanta wasiƙa. Ta ce, "Rana ta arba'in da ɗaya. Ayari ya bar Rijiya ta Uku da hantsi. Ba iska. Wani abu ya bi sawun raƙuma da dare, ya ci igiya bai taɓa kaya ba. Maƙeri yana gaba da jakinshi." Daga nan ta kai wani wuri ta tsaya, ta ce, "Shi ya durƙusa ya duba kofaton jakin kafin a tashi."

"Shi wa?"

Ta sunkuyar da kai. Nan na gane. A wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta, uwa kuma ba ta kama sunan ɗanta na fari. Tun ranar da aka yanka mishi rago ban faɗi sunan nan ba. In zan kira shi sai in ce "kai," in zan ba da labarinshi sai in ce "wancan" ko "babban." Uwata haka ta yi da yayana har ta koma ga Allah. To sunan ne ta iske a rubuce, bakinta ya ƙi ɗauka.

Da na matsa mata ta warware mini zancen. Wasa ne, in ji ta, na rubutu zalla, ba hoto ba murya. Mutum kusan talatin ne a ciki, wasu a Maradi, wasu a Tibiri da Gidan Sori, wasu can hayin iyaka wajen Katsina, wasu kuma bisa hanya suke kullum. Kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin yana tafiyar da shi. Akwai mafarauci, akwai mai gishiri, akwai makaho mai ganin ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ɗana shi ne maƙerin, ita kuma ya sa ta ciki kafin ya tafi, ta zama mai magani. Wanda ke riƙe da labarin duka wani mutum ne a Agiye, suna ce mishi mai alƙalami. Kowa zai rubuta abin da mutuminshi ya yi sau ɗaya a yini kafin magariba. Washegari da hantsi mai alƙalami ya rubuto abin da ya biyo baya.

Na ce, "Da me yake sanin abin da ya biyo baya? Duba yake yi?"

Ta ce a'a, ƙwayar ludo yake jefawa. In ta ba da ɗaya ko biyu abin ya ɓaci, in ta ba da biyar ko shida an dace, tsakiya kuma rabi da rabi. Na tambaya ko ana zuba kuɗi, ta rantse ba a zubawa. Na ce to manyan mutane masu gemu sun rasa aikin yi.

Amma ban hana ta ba, kuma ga dalili. Inda ɗana yake, bayan Agadas can cikin duwatsu, rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kai murya. Sai mutum ya hau wani tudu, nan ma rubutu kaɗai ke wucewa. Wata biyu ban ji muryarshi ba. Ga shi kuma kullum yana hawa tudun nan don ya rubuta abin da maƙeri ya yi. Daga ranar na sa doka: da la'asar, in ta gama daka, ta zo ta karanta mini. Na ce mata don in san da wa take hulɗa ne. Ta ce to, Inna.

Haka na san Ƙasar Rijiya Tara kamar na taɓa zuwa cin kasuwa. A labarinsu, wani sarki ne ya yi fushi da talakawanshi ya kama gajimare ya cusa a tulu, ya liƙe bakin da dalma, ya binne a ƙarƙashin rijiya ta tara. Shekara ɗari ba a ga ɗigon ruwa ba. Ayarin su ɗana tafiya suke daga rijiya zuwa rijiya don su tono tulun. Kowa na da salka mai kurɓi goma. Duk yini guda kurɓi ɗaya ya tafi, in an yi faɗa ko gudu biyu su tafi, ba a cikawa sai a bakin rijiya. Wanda salkarshi ta bushe ya mutu. A hanya akwai kuraye masu sa rigar mutane, su tsaya bayan zango su yi sallama da muryar wanda ka sani. Akwai wani gari da mutanenshi ba su da inuwa, suna ba baƙo abinci kyauta, in ya ci ƙishirwa ta ninka.

Wata rana na ce mata, ƙasar da ta shekara ɗari ba ruwa, jakin nan me yake ci? Ta sa mai magani ta yi tambayar a bakin zango. Washegari mai alƙalami ya rubuto cewa akwai wata ciyawa mai launin toka da dabbobi ke kiwo, ba ta fitowa ko'ina sai bisa kaburbura, shi ya sa hanyar ayari take bin tsofaffin maƙabartu. Ban ji daɗin amsar nan ba. Ban sake tambaya ba.

Dokokinsu masu tsauri ne, wannan kam na yaba. Abin da aka rubuta ba a gogewa, ko da kuskure ne. Ba a kawo maganar duniya a ciki, ba gaisuwar biki, ba cigiya, ba tallar kaya, wanda ya yi a fitar da shi. Sai doka ta Mai Tsintsiya. Wata tsohuwa ce, in ji labarin, da ba wanda ya taɓa ganin fuskarta. Tana bayan ayari tun rijiya ta farko tana share sawu. Ba ta sauri, ba ta hutawa. Wanda ya yi kwana bakwai bai rubuta komai ba, mutuminshi ya tsaya wuri ɗaya ke nan, sai ta cim mishi ta share shi da sunanshi. A raba kayanshi, a cire lambarshi daga wasan, kuma ba mai sake ambaton shi a labarin har abada.

Na ce, "Sauran mutanen ma da sunansu na gaskiya suka shiga?"

Ta ce a'a, kowa ƙirƙiro suna ya yi. Shi kaɗai ne ya shiga da nashi na yanka.

Wannan ya tsaya mini a wuya. Sunan da liman ya raɗa mishi a kunne, aka zubar da jini a kai, shi ne aka kai cikin kuraye da maƙabartu ana jefa mishi ƙwayar ludo. Na ce ta gaya mishi ya canza. Ta ce an riga an rubuta.

Duk da haka, in na ji maƙeri na san ɗana ne. Kafin ya sha ruwa sai ya ba jaki. In ana gardama ba ya cewa komai sai an gama, sannan ya yi abin da ya ga dama. Da suka isa Rijiya ta Biyar suka iske ta ƙafe, kowa na ta shawara, shi ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Na ce mata, "Rubuta mishi kada ya sauka." Ta ce ai ya sauka tun jiya, Inna. Ƙwaya ta ba da biyar, ya tono ruwa, kowa ya cika salka, mai gishiri har ya yi mishi kirari. Ni dai na tashi na bar tabarmar. Washegari ya rubuta cewa ya fito, ya zauna bakin rijiyar yana ɗinke majayin jaki da ya tsinke.

Daga wannan bai sake rubutu ba.

Lokacin muna cikin maimai, noma na biyu, gero ya kai ƙugu, wake ya fara yaɗo. Ranar farko ban damu ba, mutum na iya rasa caji. Mai alƙalami ya rubuta cewa ayari ya ɗaura kaya, maƙeri bai tashi ba, kuma can nesa wajen yamma ana jin wani sauti, shar, shar. Rana ta biyu ya ce sautin bai ƙaru ba bai ragu ba. Ta uku ya ce an duba baya, sawun da aka bari tun Rijiya ta Huɗu babu shi, ƙasa ta yi sumul kamar tsakar gidan amarya. Matar ɗana ta kira lambarshi sau ba adadi, matar nan ta cikin waya tana ta faɗin magana guda. Mutumin garinmu da suka tafi tare ya daɗe da komawa wani ramin zinariyar, da muka same shi ya ce rabonshi da ɗana tun azumi.

Na ce mata, "Mutum talatin. Rubuta musu ki ce mijinki ya ɓace, ko wani ya san wani."

"Inna, maganar duniya ce. In na rubuta za a fitar da ni, kuma in ya dawo ba zai iske ni ba."

Na dube ta. Da gaske take, idonta ya yi ja. Ban yi mata faɗa ba, don ni ma na lura da safe in na ɗauki tsintsiya na ja ta sau biyu sai hannuna ya tsaya. Na koma barin sharar sai ta yi, ni kuma in riga ta fita gona don kada in ji. Na kai ma liman goro ya sa shi a addu'a, na dama fura na raba sadaka.

Rana ta biyar mai alƙalami ya rubuta cewa jakin maƙeri ya tsinke igiya ya gudu. Ta shida ya ce ana ganin ƙura ƙasa-ƙasa, tsayin gwiwa, tana tahowa a hankali. Ƴan ayari suka fara gardama. Mai gishiri ya ce a tafi, ruwa na ƙarewa. Mafarauci ya ce shi ba ya barin wanda ya shiga rijiya dominshi.

Ashe akwai wata kafa a dokar. Wanda ya taɓa shan ruwa salka ɗaya da mai shirun, ko ɗan'uwanshi na jini a cikin labarin, yana iya komawa baya, ya zubar da rabin ruwanshi a ƙasa, ya kira sunan sau uku. Sai a jefa ƙwaya. In ta ba da huɗu zuwa sama, Mai Tsintsiya ta tsaya shan ruwan nan kwana uku. Kowane ɗan wasa sau ɗaya yake da wannan kiran. Ran na bakwai matar ɗana ta ɗauki salula ta zaga bayan rumbu inda ba na ganin ta, don ta yi kiran. Ta daɗe. Da ta fito ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Ƙwaya ta ba da huɗu.

Kwana uku ba su da yawa. Biyu suka wuce ba labari, kuma ba wani a ayarin da ya sha salka ɗaya da shi sai ita. Ran na ukun da sassafe na ɗaura zane na ce ta nemo mana moto, babur ɗin haya, Agiye za mu. Ta ce, "Inna, me za ki ce mishi?" Na ce in mun je kya ji.

Daga garinmu Gangara hanyar duk ruwa ya cinye ta, sau biyu muna sauka mai moto na turawa. Muka iske shagon mai alƙalami kusa da tasha, ɗan ƙarami, da injin fotokofi da takardu har rufi. Na zaci zan ga wani gagarumin mutum. Sai ga siriri mai tabarau, furfura ta fara fito mishi a gemu, yana manna hoto a takardar wani. Na jira ya sallami mai takardar.

"Kai ne mai kashe mutane da rubutu?"

Ya dubi matar ɗana, ta ce mishi ita ce mai magani. Nan take ya miƙe ya jawo mini kujera.

"Inna, sannu da hanya. Ku zauna a kawo ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Yau da magariba wa'adi zai cika, ka rubuta an share ɗana. Na zo in ce maka kada ka rubuta."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce shi ma abin na damun shi, kullum sai ya gwada lambar. Ya jawo wani kaye, littafin rubutu mai kauri, ya buɗe mini, duk zane ne na rijiyoyi da hanyoyi da sunaye a jere, wasu an ja musu layi. Ya ce shekara uku yana riƙe da labarin nan, ayari bayan ayari, abin da ya sa mutane suka yarda da shi bai taɓa tanƙwara doka don kowa ba. Ya nuna wani layi ya ce wannan ƙanenshi ne uwa ɗaya uba ɗaya, da ya yi shiru kwana bakwai ya share shi, har yau suna ƴar tsama.

Na ce, "Ƙanenka da sunan yanka ya shiga?"

Ya rufe kayen. Sannan ya ce, "Wallahi Inna na hana shi. Na ce ya nemi wani suna. Ya yi dariya ya ce a gida ba mai kiran shi da shi, sabo ne fil, gara ya more shi."

Matar ɗana ta ce in bar wannan kada a rubuta. Na ce ta rubuta.

Na zauna bisa kujerar da na ƙi da farko. Na ce mishi ni ban san wasa ba, abin da na sani mutum talatin za su karanta sunan ɗana an ce ya shuɗe, alhali Allah bai aiko mini da labari ba. In yana raye, an yi mishi mugun baki. In kuma ba ya raye, ba daga ƙwayar ludo zan ji ba.

Ya aje bik ɗin rubutunshi bisa kayen. Ya ce, "Maƙeri ba ya rasa uwa. Ba a taɓa rubuta ta ba, amma ba a rubuta ta mutu ba. In kun shiga, jininshi ne ku, kuna da kira ɗaya."

"To shigar da ni."

"Sai dai ni abin da ɗan wasa ya faɗa nake rubutawa. Ba na ƙara mishi, ba na cike mishi. Kiran sai ya fito daga bakinku."

Ya san abin da yake nema, don bai iya duba na ba da ya faɗa. Matar ɗana ta tashi ta fita ta tsaya bakin ƙofa ta ba mu baya. A waje ƴan kamasho na ta kiran Maradi, Maradi, saura mutum biyu.

Ya ce in fara da abin da tsohuwar ta yi. Na ce ta taso daga gida ta bi sawun ayari. Ya rubuta. Na ce ta iske shi zaune bakin rijiya, ta kwance salka ta zubar da rabi. Ya rubuta, ya tsaya, yatsunshi bisa salula.

Na faɗa. Na farkon bai fito da kyau ba, kamar an taka busasshen kara. Na sake, na sake. Shekara talatin da huɗu sunan na cikin bakina, ashe gajere ne.

Da na ga bakin ya buɗe ban tsaya ba. Na ce mutumin Gangara ne, dogo, baƙi, yana da tabon lauje a bayan hannun hagu tun yana yaro, haƙorinshi na gaba ɗaya ya ɗan karye. Na faɗi watan da ya tafi da wajen da ya ce yana haƙa da tudun da yake hawa. Na ce yau kwana goma ba a ji shi ba, uwarshi da matarshi suna cigiya.

"Inna, wannan maganar duniya ce."

"Ka ce abin da na faɗa kake rubutawa."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya rubuta duka ya aika. Sannan ya ɗauko gwangwanin tumatir mai ƙwayar a ciki daga ƙarƙashin tebur, ya girgiza, ya kife. Shida. Ya ce an samu kwana uku, har da murmushinshi. Ni ban ji komai ba sai ciwon gwiwa.

Kafin mu iso gida labari ya canza. Matar ɗana ta duba ta ce yau ba wanda ya rubuta abin da mutuminshi ya yi, ayarin duka ya tsaya. Mutum ɗaya ne ya yi magana, mafarauci. Ya ce a gafarce shi zai taka doka. Shi direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana kai ruwa da isansi, wato fetur, ramukan zinariyar nan, jibi zai isa wajen da tsohuwa ta faɗa, zai tambaya. Mai alƙalami bai fitar da shi ba.

Ran na uku da hantsi ina tsince wake a faifai salula ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta saurara, ta miƙo mini da hannu biyu. Direban nan ne, murya ta babban mutum, ya gaishe ni har sau uku, ya tambaya ko akwai namiji kusa. Na ce ni ce namijin gidan, ya faɗi abin da ya gani.

Ya ce rami ne ya rufta da mutum uku, da safe, washegarin ranar da ɗana ya yi rubutunshi na ƙarshe. Sai da aka kwana aka tono su. An yi musu sutura a can. Mutanen wurin ɗan Maradi kawai suke ce ma ɗayansu, ba wanda ya san garinsu, salularshi kuma ta farfashe a ramin. Da direban ya faɗi tabon hannu da sunan, mai ramin ya ɗauko katin ɗan ƙasa da ke aje wurinshi, suka duba, shi ne.

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi mishi godiya. Na aje faifan a hankali don kada waken ya zube. Daga baya na ƙirga da yatsu, ranar da na zauna a shagon nan ina kiran shi, ya kwana takwas a ƙasa. Liman ya ce takabar matarshi daga ranar rasuwa za a fara ƙirga ta, ba daga ranar da muka ji ba.

Mai alƙalami ya zo gaisuwa ran addu'ar uku, bisa moto, rigarshi duk taɓo. Bayan ya gama da maza ya nemi gani na, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce maƙeri na nan zaune bakin Rijiya ta Biyar, bai san yadda zai yi da shi ba. Ya ce in na yarda zai rubuta cewa ya kafa maƙera a wurin ya zauna, duk ayarin da ya wuce ya gan shi. Na ce kada ya yi mishi ƙarya. Ya gaya ma mutanenshi wane ɗan wane ya rasu a rami, su yi mishi addu'a, ya cire sunan daga kayenshi ya ba ni takardar. Ya yaga shafin a gabana. Ban san abin da ya yi da sauran sunayen da ke jiki ba.

Direban bai iso ba sai bayan girbi. Ƙato ne mai tumbi, ba ya kama da mafarauci ko kaɗan. Ya kawo jakar ɗana, riga biyu da bargo da tocila da katin. Na sa aka ba shi fura ya sha, sannan na tambaye shi abin da ke raina tun ranar. Wa ya yi mishi wanka, an samu liman, an fuskantar da shi gabas? Ya ce duk ya tambaya, an yi yadda ya kamata. Na ce likkafani fa, a cikin duwatsun nan ina aka samu? Ya ce na mutum biyu an samu a wurin wani mai shago, na ukun ya gagara. Wani dattijo mai dafa musu shayi ne ya kwance sabon rawaninshi fari ya bayar, a ciki aka sa ɗana.

Ranar kasuwar Gangara na je da kaina na yanko farin yadi mai kyau, na ba direban ya kai ma dattijon. Bayan wata biyu ya dawo mini da shi a ledarshi. Ya ce mutumin ya tashi, wasu sun ce ya bi sabon rami wajen iyaka, wasu sun ce ya koma garinsu, kuma ba wanda ya san sunanshi, mai shayi kawai ake ce mishi. Na karɓa na sa a ƙasan akwati. Na gaya ma matar ɗana inda yake, na ce in lokacina ya yi kada a wahalar da kowa zuwa kasuwa.